Kek ɗin Sitiroberi Irin na Mama

"Da burodin man shanu Mama take yi, a tsaga shi biyu da zafinsa!" in ji Darlene.

"Haba Yaya! Kek ne mai laushi, mai shanye ruwan sitiroberin," Rhonda ta mayar mata.

Mahaifinsu Wendell na kwance a ɗaki, ya daina cin abinci. Da safen nan ya buɗe baki da ƙyar, ya ce kek mai 'ya'yan itacen sitiroberi yake marmari, irin na marigayiya mahaifiyarsu. A gardamar yadda Mama take yinsa, babu wadda ta sauko a cikin su biyun. Kowacce ta gasa nata, ta lafta kirim, suka shiga da faranti biyu.

Nas ɗin da ke jinyarsa ta tare su a bakin gado. "Ai yanzu sai mai ruwa-ruwa yake iya haɗiya."

Ta juye duka biyun a injin markaɗe. Rhonda na tsaye tana kallon wahalarsu ta koma kunu.

Aka ɗura masa cokali ɗaya. Ya lumshe ido.

"Yauwa, sak na Mamanku," ya ce. "Wacce ce a cikinku ta yi?"