Faifan da Malam Yake Nema

Malam ya isa gidan rediyo tun masu shara ba su gama ba, ya zauna a bencin baƙi da sandarsa a kan cinya. Mai gadi ya ce ba a ganin mai gabatar da shiri sai da alƙawari. Malam ya ce shi ma da yake koyarwa ba a shiga ajinsa sai da izini, amma bai taɓa shanya tsoho a kan benci ba.

Magana guda ce ta kawo shi. Tun da mawaƙin nan Bahago ya rasu, gidan rediyon yake yin shiri kullum da hantsi, ana nuna wa wanda bai san waƙoƙinsa ba inda zai fara. A shirin farko mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce duk wanda ya ratsa rayuwar Bahago ya samu waƙa, ko ta zagi ko ta yafiya. Wai ba a bar kowa ba. Malam kuwa bai saba barin magana ta wuce ba tare da an duba ta ba.

Shi bai taɓa zama ya saurari waƙa ba, a ganinsa aikin marasa abin yi ne. Duk da haka ya ɗauki wayarsa da kansa ya kai shagon mai tura waƙoƙi, ya ce a zuba masa faya-fayen Bahago duka, a jere, kada a tsallake ko ɗaya.

"Baba, ashe kai ma ana taɓawa?" in ji mai shagon. Malam ya zuba masa ido har sai da ya sunkuyar da kai.

A gida ya ture tabarmin da har yanzu ba a mayar wa maƙwabta ba, ya zauna, ya fara daga inda aka ce a fara.

Faya-fayen farko duk ganguna ne da hayaniya, murya kamar ta mai faɗa a bakin titi. Bahago ya zagi mai gidan hayar da ya watso masa kaya waje. Ya zagi abokin da ya gudu da jitarsa. Ya zagi hedimastan da ya kore shi daga makaranta, har da kwaikwayon tarinsa. Malam ya kasa kunne ga jitar, wadda ake kaɗawa da hagu, hannun da aka yi ta duka bai daina ba.

A na tsakiya ganguna suka ragu, murya ta sauka. Matarsa ta samu waƙa, 'yarsa ta fari ta samu, direban da ke kai su wasa ya samu. Har telan da ke ɗinka masa riga bai rasa baiti ba.

A na ƙarshe jita ce kaɗai. Murya ta dushe, ana jin numfashi tsakanin baiti da baiti. Bahago ya bi mutanen faya-fayen farko ɗaya bayan ɗaya yana yafe musu, yana roƙon su yafe masa. Malam ya kai ƙarshe ya koma farko, domin mai gyaran jarrabawa na kirki ba ya ba da sakamako da dubawa ɗaya. Ya sake kaiwa ƙarshe. Sai ya nemi sandarsa.

Yau ne shirin zai ƙare. Mai gabatarwa ya fito yana duba agogo, matashi ne mai yawan fara'a.

"Ɗayan biyu ne," in ji Malam. "Ko dai akwai faifan da kuka ɓoye, ko kuwa ka faɗi abin da ba ka bincika ba. In akwai, a sa shi yau. In babu, ka janye maganarka a gaban waɗanda ka faɗa wa."

Matashin ya dubi farin gashin da alƙalamin da ke aljihun rigar, ya yi dariya. "Ai na gane ka! Kai ne hedimasta. Baba, kai da ka samu har biyu? Ya wanke ka tas a farko, ya yafe maka a ƙarshe. Wasu ko rabi ba su samu ba."

"Wancan hedimastan ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa," in ji Malam. "A duba mini."

Aka shiga ɗakin ajiya da shi. Mai kula da ɗakin ya sauko da kwalaye, ya karanta masa sunan kowane faifai. Duk Malam ya ji su. Aka buga wa wanda ya ɗauki muryar Bahago tun yana saurayi. Ya ce babu abin da ya rage, ko guntun gwaji, ko baitin da aka yanke. Abin da marigayin ya so ya faɗa, ya faɗa.

Malam ya nemi kujera. Bai ƙara maganar faifai ba.

Mai gabatarwa ya sake duba agogo. Fara'ar ta ragu. Ya ce to, zai gyara, zai ce kusan kowa, tunda dai an matsa. Amma ba a karanta ƙorafi a iska sai an san mai shi.

"Wa zan ce ya kawo gyaran, Baba?"

Malam ya miƙe da ƙyar, ya daidaita hularsa.

"Ka ce wanda ko zagi bai samu ba," ya ce. "Ka ce mahaifinsa."