Hasken La'asar

"Baba, zauna a gaba," in ji ɗana mai shirya fim, ranar bikin ba da kyaututtuka.

Aka kashe fitilu. Sai ga ni a allo, zaune a ƙofar ɗakin asibiti, riƙe da kwanon abincin uwarsa. Aka leƙo aka ce min ta cika. Na zube ina kuka, ni da 'ya'yana ba su taɓa ganin hawayena ba. Ashe yana ɗauka.

Shi ya zo na ɗaya.

Alƙalin gasar ya tambaye shi, "Yaya hoton ya yi kyau haka?"

Ya yi murmushi. "Haƙuri ne, ranka ya daɗe. Tun safe ta rasu. Na ce wa Baba barci take, har hasken la'asar ya sauka."