Saitin da Ɗanladi Ya Bar Mata

Laftof ɗin Batul na ta huci kamar mai zazzaɓi. Tana tsaye a bakin rumfar gyaran waya ta Ɗanladi, idonta a kan yatsunsa.

"Zafin garin nan ne ya fi ƙarfinta," ya ce. "Na rage kyan hoton wasan yaƙin naki, na cire ciyayi da hayaƙi, na kashe inuwa. Yanzu wasan ba zai riƙa tsayawa ba, maƙiyi ma tun daga nesa za ki hango shi."

Ya danna, ƙarar harbi ta cika rumfar. Batul ta zabura. Tun da yaƙi ya koro su daga garin Madani take wasan nan babu sauti, shi ma ya sani.

"Ki haddace saitin, ko da zai lalace ba na nan."

Sai a lokacin ta ga takalman soja sababbi a ƙarƙashin teburinsa.

"Ina za ka?"

"Sansanin horo, wajen garin Fau." Ya sunkuyar da kai. "Ina so kawuna ya zo gidanku kafin na tafi, ya Batul."

Ta ɗauke ido daga takalman, ta dube shi.

"A can wa zai kashe maka inuwar? Yayana ma cewa ya yi horo ne kawai, har yau bai dawo ba, Inna ba ta sa wa ƙofa sakata. Kada kawunka ya zo. In ka fasa tafiyar, ka turo shi."

Ta jira. Ɗanladi ya rufe laftof ɗin a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu.