Kayan Sautin Tsohon Ma'aikacin Reluwe

Tun da ka ce za ka shiga sana'ar saye da sayarwa, bari in ba ka misalin wani ɗan gwanjo a Sabon Garin Zariya, Nafi'u, mai sayar da kayan sauti na hannu: manyan lasifiku, injinan faifai, irin waɗanda masu hali ke ajewa a falo. Akwai wata damina da kasuwa ta juya masa baya, ya yi sati uku babu ko mai tayawa, abincin gida ma sai da dabara. Ana haka, wata ranar Talata da hantsi, wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya sauko daga a-daidaita-sahu da lasifiku biyu masu jikin katako, kowace ta kai ƙugun mutum, da injinsu naɗe cikin bargo. Ya ce tun yana saurayi ya saye su, amma yanzu sun mutu, ko ya ƙure murya sai gunaguni suke yi kamar mai magana a cikin rijiya. A ba shi ko nawa ne, a cire abin da zai yi amfani a jikinsu.

Nafi'u ya jona waya, ya ɗora faifai. Sai goge ya tashi tangararan, har ana jin numfashin mai waƙa da saukar yatsa a kan kalangu. Mai shayi na tsallaken titi ya dakata da firfita wuta ya waiwayo. Shi kuwa dattijo yana tsaye dab da lasifika, ya karkatar da kai, yana cewa, "Ka ji ko? Haka suke yi." Nan Nafi'u ya gane inda cutar take. Ya kuma san wani ɗan kasuwa a Kaduna da ya daɗe yana cigiyar irin waɗannan, wanda zai biya abin da zai riƙe gida har kaka. Zuciya ta ce masa ya yi shiru, ai mai kaya ne da kansa ya ce sun mutu. Ya sa hannu a aljihu zai biya, sai ya fito da hannun wayam. Ya matsa kusa da kunnen tsohon ya ɗaga murya: "Baba, kayanka lafiyarsu lau. Kunnenka ne ke son likita." Dattijo ya ɓata rai, ya ce yaran zamani ba su da kunya. Duk da haka Nafi'u ya mayar masa da kayan cikin a-daidaita, ya koma shago ya zauna yana jin haushin kansa.

Bayan wata guda sai ga dattijon ya dawo, da 'yar na'urar ji maƙale a bayan kunne, fuskarsa a sake. "Ɗana," in ji shi, "jiya na ji jikata tana dariya daga tsakar gida. Shekara huɗu rabona da jin haka. Kayana kam ba na sayarwa ba ne, amma ga abokaina." A bayansa tsofaffi uku ne, abokan aikinsa na da, kowa da irin waɗannan kaya jibge a ɗaki, sun ƙi kai su kasuwa don gudun a cuce su. Suka ce ya zo ya kwasa ya sayar musu, ya ɗauki ladansa, ba sa bukatar shaida. Su ma suka faɗa wa wasu. Kafin a yi girbi, shagon ya cika har sai da ya kafa rumfa a waje, masu saye na tasowa daga Kano da Jos suna tambayar shagon yaron nan da ba ya ɓoye gaskiyar kaya.

Ka riƙe wannan idan ka buɗe naka shagon. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.