Mahauci da Faifai Mai Jan Gida

Tunda ka ce za ka zubar da tsofaffin kayanka saboda sabo ya fito, gyara zama in ba ka misalin wani mahauci.

Mahaifinsa gwanin hawan ƙaho ne, irin mahautan nan da ke tarar bijimi a fili, su faɗa tsakanin ƙahonninsa su rungume wuya, jama'a na ihu. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukarsa a bidiyo, ranar naɗin sarkin pawa, shekara biyu kafin rasuwarsa. Kaset ɗin nan guda shi ne abin da ya rage na mutumin: ga shi yana kirari, masu kalangu na zuga shi, bijimi na tonon ƙasa. Duk Juma'a bayan la'asar sai tsohuwa, mahaifiyar mahaucin, ta shimfiɗa tabarma gaban talabijin ta ce, "Kunna mini babanku." Wata rana ta ce fuskar ta daina fita, dishi-dishi take gani. Idonta ne ya fara tafiya, amma ɗan bai kawo haka a ransa ba, sai ya ɗora wa kaset laifi.

Ya kai shi shagon masu juya kaset a birni. Mai shago ya ce ai ya zo a sa'a, yanzu aka shigo da sababbin faifai masu fitar da hoto tar, har zufar goshin mutum sai ka gani. Sai dai iri biyu ne, kuma kamfanonin da ke yin su can ƙasashen waje ba sa ga maciji da juna. Ɗaya faifan gidansa, wato kwalin da ake saka shi, ja ne, ɗaya shuɗi, na'urar wannan ba ta cin faifan wancan. To wanne zai ɗore? Mai shago ya watsa hannu ya ce Allah masani. Mahauci ya juya wannan, ya juya wancan, sai ya yanke hukunci da ilimin da ya gada: abin kirki ja ne, nama kuwa in ya fara shuɗi ko kare sai ya yi shawara. Ya zaɓi ja, ya sayar da ragon da yake kiwo ya haɗa da na'urar. Da aka gama juyawa mai shago ya miƙo masa tsohon kaset, shi ko ya yi dariya ya ce, "An zare tsoka, me zan yi da ƙashi?" Ya bar shi a nan ya yi gaba. Kafin mako ya zagayo an naɗi bikin wasu a kansa. Kaico!

Maganar gaskiya, hoton bai ƙara wani fita ba. Tsohuwa ta ce dishi-dishin yana nan, amma muryar ta fito, ita kuma ta gode Allah. Haka aka ci shekara guda da 'yan watanni. A can kuwa masu jan gida sun sha kaye, sun rufe masana'anta. Wa zai zo mahauta ya gaya wa mahauci? Bai sani ba sai ranar da aka kawo wuta da ƙarfi na'urar ta yi hayaƙi. Mai gyara ya kwance ta, ya leƙa, ya mayar da murfi, ya ce abin da ya ƙone an daina yin sa a duniya. Bawan Allahn nan ya shiga kasuwa-kasuwa da faifai a aljihu, duk inda ya duba shuɗi ne ke masa gwalo. Wani ya rantse masa cewa na'urar shuɗin za ta ci faifansa, ya saya ya kai gida, ta tofo faifan kamar yaro da magani. Ya samo ja ta hannu a wani lungu, ashe ita ma gawa ce. Ya koma shagon farko ya tarar wayoyi ake sayarwa, na'urar juyawar kuwa tuni 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli.

Kafin nan idon tsohuwa ya rufe gaba ɗaya. Juma'a ta yi, ta lallaɓa ta shimfiɗa tabarmarta, ya ce ana gyara. Wata Juma'ar ma ana gyara. A ta biyar ta ce, "Ni fa ba hoto nake nema ba, ɗan nan. Muryar kawai." Maganar nan ta soke shi, don ya san tsohon kaset da dishi-dishinsa zai iya wannan. Ya rasa ta yi, sai ya miƙe tsaye a tsakar ɗaki, ƙato da furfurarsa, ya ɗaga murya ya yi kirarin ubansa daga farko har ƙarshe. Ta saurara har ya kai aya. Sannan ta girgiza kai ta ce, "Ba haka yake yi ba." Ta naɗe tabarmarta. Ba ta ƙara tambaya ba har Allah ya karɓi abarsa da damina, kuma wallahi rashin tambayar ya fi tambayar ci masa rai.

Faifan yana nan a akwatinsa, ko ƙwarzane babu. Ubansa na ciki, da bijimi, da masu kalangu, ba mai buɗe musu ƙofa. Wani lokaci yakan ciro shi ya ɗaga a haske, ba ya ganin kowa sai fuskarsa. Su kamfanonin da suka yi rigimar ko sunan garinsa ba su sani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira, an rasa ido.