Man Rani

Auta ta ɗaga farantin gilashin zuwa hasken taga, ta ɗora rula ta sake aunawa. Babu abin da ya canja. Zoben da man ganyen ya share a tsakiyar ƙwayoyin cutar bai fi farcen ɗan yatsa ba. Man rani da man damina sun fito iri ɗaya, kamar an tsaga kara.

Digirinta gaba ɗaya a kan wannan zoben yake. Akwai wata shuka mai ƙamshi da tsofaffi ke wanke gyambo da ita. Auta takan dafa ganyen, ta tatsi mai daga tururinsa, ta ɗiga a kan ƙwayoyin cuta, ta auna faɗin wurin da ya kashe. Bara, da ganyen da ta tsinko a jeji, man rani ya ninka na damina ƙarfi, domin shukar sai ta sha ƙishi take tara magani. Farfesan da ke duba aikinta ya yi ta yawo da sakamakon a taruka kamar shi ya haife shi. Daga baya ya ce ta maimaita da shukar da ta dasa da hannunta, a rufe bakin masu gardama.

Filin makaranta awaki sun mai da shi gadon ubansu, don haka ta dasa a bayan katangar gidansu, ta lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa. Ranar ta tara mutanen gida ta gaya musu cewa in shukokin nan suka mutu, karatunta ya mutu. Mama ta yi addu'a. Baba, wanda tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai rediyo, ya gyaɗa kai kawai.

Yanzu ga abin da rani ya haifar.

Farfesa bai ɗaga murya ba, kuma gara a ce ya ɗaga. Ya cire tabarau ya ce abu biyu ne: ko sakamakon bara ƙirƙira ne, ko na bana ta kwafi na damina ta liƙa wa rani. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Alhamis. In ta kasa bayani, ba digiri kaɗai za ta rasa ba, har sunanta.

Ta koma ɗakin gwaji. Ta wanke tukunya, ta canja farantai, ta karɓo sababbin ƙwayoyin cuta daga wani ɗakin gwaji. Zoben yana nan yadda yake, yana kallonta.

Sai tunaninta ya koma kan firjin da take ajiye kwalaben man. Mutum biyu ke da makullinsa, ita da abokiyar teburinta, wadda ake kira Doguwa. Aikin Doguwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma ta taɓa cewa, cikin dariya, wasu dai da sa'arsu aka haife su. Zuba man damina a kwalbar rani ai ba ya ɗaukar minti ɗaya. Kuma a makon nan Doguwa ta cika kai-kawo, yau ta kawo mata shayi, gobe ta ce za ta taya ta wanke kwalabe. Auta ta ce a ranta, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A gida ma babu sauƙi. Mama tana ta mita cewa tankin ruwa ba ya kwana biyu, an kira mai gyara har ya gaji bai ga inda yake yoyo ba. Baba yana kwance da ciwon bayan da ya kama shi tun ɗaukewar ruwan sama, ya ƙi zuwa asibiti. Da ta shigo ya tambaye ta, kamar kullum, ya 'ya'yanta na bayan katanga, wato shukokin.

“Baba, don Allah ka bar ni,” ta ce, ta wuce ɗaki. Nan take ta ji kunya, amma ba ta dawo ba.

Da yamma ta zaga bayan katanga, lokacin da ta saba tsinkar ganye bayan ta taso daga aiki. Ko'ina ya bushe ƙamas, har bishiyar maƙwabta ta zubar da ganye, amma shukokinta kore shar, suna sheƙi. Su dai ba su ci amanarta ba.

Ranar Laraba ta yanke shawara. Za ta ambaci sunan Doguwa a gaban kwamiti. Ta san korarta za a yi, ta san yarinyar ita ke riƙe da ƙannenta, amma in ba ta faɗa ba ita za a kora. Kuma za ta je da sabon ganye, ta tatsi man a gabansu, kowa ya ga abin da rani ke yi in babu hannun mugu a ciki.

Alhamis gari na wayewa ta ɗauki almakashi ta fita, lokacin da ba ta taɓa zuwa wurin ba. Tana shan kwanar katanga takalminta ya nutse a laka. Ta ɗaga kai, sai ga Baba a duƙe da bokiti biyu, ƙafar wandonsa a naɗe, yana mayar da ciyawar kan gindin shuka a hankali.

Ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, fuskarsa cike da murmushi. “Auta, ki kwantar da hankalinki. Tun da ruwa ya ɗauke, ko kwana ɗaya ban bari sun ji ƙishi ba.”