Takardar da Ke Cikin Rigar Waya

Batirin wayarsa ya kumbura daidai ranar da zai sa hannu a takardar cinikin gyaɗar ƙungiyar manoman Gangara. Shi ne sakatarensu. Tun da ya dawo daga karatu a Yamai yake cika musu kunne cewa sa hannunsa na waya saƙar lissafi ce, wadda ko kwamfutocin da ba a gama ƙerawa ba ba za su warware ta ba.

Alhaji, shugaban ƙungiyar, ya goya shi a babur har kasuwar Agiye, wurin mai gyaran waya.

"Batirin lithiyam ne, Alhaji, ba ya shiri da zafi," in ji sakataren yana gyara tabarau. "Amma sirrinmu, babu mahalukin da zai gan shi."

Mai gyara ya ɓare rigar wayar, wata 'yar takarda ta faɗo. Ya karanta da ƙarfi:

"Kalmar sirri: Alhaji bai iya komi ba sai cin goro. Malam, a yar da wannan?"

Alhaji ya tofar da goronsa, ya tada babur shi kaɗai. Masanin sakataren ya koma Gangara a amalanken jaki, ya tarar kowa a garin ya haddace kalmar.